Lallen da Na Sa wa Yayan Mijina

Edita, lokacin da wannan abu ya faru ni mai lalle ce a unguwar Kalakla, shekarata talatin da 'yan kai, da 'ya'ya uku, mijina kuma mai walda ne da ke fita aiki unguwar Shajara tun da sassafe. Kakanninmu Haɗejawa ne, sun fito aikin hajji suka tsaya noman auduga a Jazira ta ƙasar Sudan, mu kuma muka buɗe ido a Khartum. Ba yabon kai ba, hannuna yana da kyau, har daga unguwar Mayo ake kawo mini amare. Sai dai bakina ya fi hannuna suna. Mace in ta zauna lalle awa uku ce ko huɗu ba motsi, don haka na ajiye talabijin a rumfata muna kallon maimaicin musalsal, wasannin nan masu dogon zango, musamman na cin amanar aure. Ni kuwa ba wasan da zai wuce ban feɗe shi har wutsiya ba. Matar da ta tashi daga barci da jan baki raɗau, mijin da ya tsinci ɗan kunne a mota ya tsaya zare ido ana ta buga kiɗa kamar gari zai tashi, mai kukan da ko ɗigon hawaye babu, duk ina da abin cewa a kansu. Mata su yi ta dariya har lallensu ya tsage, ni kuma kaina ya yi ta kumbura.

Wata rana wata 'yar wasan talabijin daga Umdurman ta zo lallen bikin 'yar'uwarta. Ta saurare ni tsaf, sannan ta ce suna shirya sabon musalsal a kan matar aure mai cin amana, marubucinsu kuma ya rasa yadda zai sa labarin ya shiga hankali, ko zan je in duba musu. Da na yi tunani da na nemi shawara, amma ina! Na ce wa mijina zan je kasuwar Umdurman sayen lalle da mahlabiyya, man ƙamshin da muke shafawa. Gaskiya ce, amma rabinta. Na samu marubucin, wani siririn mutum mai tabarau, ya karanta mini cewa kwarto zai hauro katanga da tsakar rana riƙe da fure. Na yi dariya har na riƙe ciki. Na ce masa a layinmu ko akuya ce ta shiga gida, tsofaffi uku sun san ta wane ce da abin da ta ci. Na ce a garin nan da tobi ake gane mace, wannan dogon lulluɓin namu, ba da fuska ba. Saboda haka matar ta fito da koren tobi ta ce za ta gidan mai lalle, a can ta sauya zuwa fari, ta fice ta ƙofar baya, bayan awa uku ta dawo ta mayar da korenta ta koma gida. Mutumin ya dinga rubutu kamar mai ɗaukar karatu, yana cewa bai taɓa ganin ƙwaƙwalwa irin tawa ba.

Ina cikin motar haya a kan gada, ina kallon ruwan Nilu, na gano ɓarakar da ke cikin dabarar tawa. Wadda ta yi awa uku a waje, da wane lalle za ta koma wa mijinta? Ni da sana'ata ce na fi kowa sani. Na yi niyyar kiran 'yar wasan in gaya mata, sai zuciya ta ce mini yanzu fa aka gama yaba ki, za ki koma ki ce kin yi kuskure? Na ja bakina na yi shiru, kuma wannan shirun shi ne babban laifina.

Bayan wata shida aka fara nuna wasan. Ashe 'yar wasan nan ita ce ta fito a matsayin mai lallen da ke rufa wa maciya amana asiri, kuma ashe duk zaman da ta yi a rumfata karatuna take yi. Dariyata, yadda nake karkata ɗaurin kallabi hagu, yadda nake goge yatsa a gefen zane, har wayyo Allah da nake sakawa a tsakiyar Larabci, ba abin da ta bari. Yabon gwani ya zama dole, ban taɓa ganin iya wasa irin wannan ba, kuma shi ne karo na farko da na kalli musalsal na rasa abin kushewa. A ƙarshen kowane kashi kuma sai a rubuta godiya ga mai lallen Kalakla. Su a ganinsu karramawa ce. Cikin mako biyu rumfata ta zama wayam. Maza suka hana matansu zuwa, masu gaishe ni a hanya suka koma gaisuwar nesa, ana ta raɗe-raɗin cewa wadda ba ta saba ba ta ina za ta san wannan hanya. Na yi kuka, kuka na gaske mai hawaye, na tuna cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Wanda ya fi kowa zaƙewa shi ne yayan mijina, mai kanti a bakin titi, wanda ke kallon wasan da maƙwabtansa kullum yana yi musu sharhi. Bikin 'yarsa ya gabato, yarinyar da na goya, wadda tun tana ƙarama na yi wa alkawarin lallen amarci. Sai ya aiko cewa an samo wata mai lallen, kada in wahalar da kaina. Kowa a unguwa ya san fassarar wannan saƙo: in danginki sun hana ki taɓa amaryarsu, to sun sa hannu a kan abin da ake faɗa. Mijina kwana huɗu bai ce uffan ba, yana cin abinci kansa a sunkuye, wannan ya fi mini zagi ciwo. A na biyar ya tambaye ni ta ina na san dabarar. Na zayyane masa komai, har da rabin gaskiyar da na ba shi ranar Umdurman. Ya ce shi ya yarda da ni, amma bakin mutane ba ƙarfe ba ne balle ya liƙe shi da walda. Na ce masa ya bar mini wannan, ni dai ya tsaya kusa da ni ranar Juma'a.

Al'adar gidansu ce duk Juma'a bayan masallaci a haɗu cin abinci wajen surukata, tsohuwa mai kaifin ido da ba a ja da maganarta. Na tafi da kwanon lallena a kwaɓe. Da aka gama ci na durƙusa gabanta na ce Inna, ina neman alfarma ɗaya, a ba ni aron hannaye da ƙafafun Yaya. Na ce tunda a nan ba baƙon abu ba ne maza su sa lalle in biki ya zo, ga shi kuma shi ne uban amarya, to ya zauna in sa masa, in har ya iya yin abin da matar cikin wasan ta yi, na yarda duk abin da ake faɗa a kaina gaskiya ne, kuma ba zan sake taɓa lalle ba. Yaya ya ce shi ba abokin wasana ba ne. Inna ta dube shi ta ce ai shi ya fara wasan, ya zauna. Ya zauna a kan angare, gadon igiya, yana hura hanci, na lafta masa lalle a tafin hannu da tafin ƙafa, na ɗora dugadugansa a kan 'yar kujera.

Sai na ce to Yaya, bisimilla, tashi ka sauya riga, ka sa takalmi, ka fita ta ƙofar baya ka tari raksha, keken haya mai ƙafa uku. Ya yunƙura ya ga ba inda zai taka. Ƙuda ya sauka a kan hancinsa, ya dinga busa masa iska yana karkaɗa kai. Wayarsa ta yi ƙara a aljihu har ta gaji. Aka kawo gahawa, matarsa ce ta kai masa kofi baki, tana danne dariya har kofin na rawa. Ko rabin awa bai cika ba ya ce kalas, ya isa haka, a kawo ruwa, shi ya gaji. Aka wanke, lallen ya fito fari-fari kamar ruwan lemo. Na ɗaga hannunsa sama yadda kowa zai gani, na tambayi mazan da ke wurin ko akwai wanda matarsa za ta ce ta yini gidan mai lalle, ta dawo da wannan launi, ya yarda. Na ce lalle shi ne mai gadin kansa: in mace ta zauna ya kama, to ba ta je ko'ina ba, in kuwa ta fita, hannunta zai tona ta tun daga bakin ƙofa. Matar cikin wasan ta yi yawonta ta dawo da lalle baƙi wuluk, wannan a talabijin kawai ake yin sa. Sai Inna ta fashe da dariya, kowa ya bi ta. Mijina ya tashi ya ɗauki kwanon lallena da kansa, a gaban 'yan'uwansa, ya riƙe mini har gida.

Yaya ya yi sati biyu yana miƙa wa mutane sukari da sabulu da hannu ruwan lemo, kuma duk wanda ya tambaya dole ya ba shi labari. Shi da ya yaɗa maganar, shi ya kwashe ta da bakinsa. Ranar da ya kawo mini amarya da kansa ya tsaya daga bakin rumfa ya ce in yafe masa. Na yafe, kuma na yi wa yarinyar nan lallen da har yau ake kwatance da shi. Mata suka dawo har sai an yi layi. Da marubucin ya sake nemana na je, amma tare da mijina, na sa aka karanta mini labarin daga farko har ƙarshe, na kuma ce a bar masu lalle su huta.

Abin da na koya shi ne, kushe aikin wani ba wuya, kuma daɗin yabo na iya sa mutum ya ga rami ya yi shiru, alhali shi zai fara faɗawa ciki. Allah ya wanke ni, amma ba kowa ke samun kwanon lalle da zai yi masa shaida ba. 'Yan'uwana mata, kada ku ba mazajenku rabin gaskiya, kuma in an nemi basirarku ku tambayi inda za a kai ta. Ku kuma masu kallo, iya wasan ɗan wasa ba hujja ba ce a kan maƙwabcinku. Kafin ku hana matanku shiga gidan wata saboda abin da kuka gani a talabijin, ku zo Kalakla ku ba ni aron ƙafafunku na rabin awa.