Baƙar Takardar da Na Ba Kawu

Mahaifina mai buga takardu ne. Tafiretarsa tana kan tebur a rumfar ƙofar gidanmu, a unguwar Hashimi, kuma duk wanda bai iya Turancin ofis ba wurinsa yake zuwa. Ba ya yar da kabon, baƙar takardar nan da ake sawa tsakanin farare biyu don a sami kwafi. A gwangwani yake tara su, ni kuma ina ɗiba. Ina aji biyar na sakandare na gano cewa in aka ɗaga kabon ga rana, haruffan da aka buga suna fitowa kamar taurari. Sai in wuni ina kallonsu.

Muna da ɗan haya a lokacin, baƙo daga wani birni na arewa, yana aiki a Abuja. Kawu nake ce masa. Inna tana zuba masa tuwo kamar ɗan gida. Wata Asabar ya same ni a rumfa da kabon a hannu, ya ce, “’Yar boko, har baƙar takarda ma karantawa kike?”

Na nuna masa yadda ake yi, ina jin daɗi wani babba ya kula da wasana. Sabuwa ce, sau ɗaya aka yi aiki da ita, don haka kowace kalma ta fito sarai. Koke ne na wasu manoman Madalla a kan wani babba mai kaki da ya killace gonakinsu, da sunayensu a jere. A kusurwarta na zana fure da tsinke. Ya roƙe ni in ba shi ya nuna wa abokan aikinsa abin mamaki. Na ba shi.

Ba a yi kwana goma ba wasu mutane suka zo da hantsi, ba kaki a jikinsu. Ɗayansu ya zaro kabon daga ambulan ya ajiye gaban Baba. Na ga furena. Suka tafi da Baba, suka bi manoma biyu har gida. Duk ofishin da Inna ta je, sai a ce mata zamanin soja ne, an jingine tsarin mulki, ta yi haƙuri. Ba tuhuma, ba kotu. Bayan wata bakwai Baba ya dawo, yatsun hannunsa na dama ba sa lanƙwasuwa. Kawu kuwa tuni ya tashi, mun ji an ƙara masa girma.

Ni na gaji teburin. Ban gaya wa kowa ni na ba Kawu kabon ba. Na daina ɗaga komai ga rana, kuma duk harafin da na buga, fuskarsa nake bugawa.

Bayan an koma mulkin farar hula, sai ga Kawu da babbar riga da ledar lemo, ya zama na hannun daman wani ɗan siyasa. Ya durƙusa ya jajanta wa Baba, ya tsine wa zalunci. A zatonsa ba wanda ya sani. Ya miƙo mini jawabin da zai karanta a wani taro, wai kowa yana da ’yancin faɗin albarkacin bakinsa, kuma ba a tsare ɗan ƙasa ba tare da shari’a ba. Na buga masa tsaf, ba kuskure ko ɗaya. Na tambaye shi ko wannan ’yancin har da irina. Ya yi dariya ya ce har da ni mana.

Yana fita na sa sabon kabon na rubuta abin da ya faru, tun daga furen, na sa sunana a ƙasa. Na yi ta bugawa har yatsuna suka yi baƙi. Baba ya karanta a hankali. Ya ce tun ranar ya gane furen, bai taɓa ganin laifina ba, in bar mutumin da Allah.

Na ce, “Baba, hannunka ne, kana iya yafewa. Ni abin da ya ɗauka a wurina daban ne.”

Ranar taron na tsaya a bakin ƙofa ina miƙa wa masu shiga takardar. Manoman Madalla na fara ba, wani malamin makaranta ya fassara musu. Kawu yana tsakiyar maganar ’yanci kawuna suka fara juyowa, ana nuna shi da leɓe. Bai kai ƙarshen jawabin ba. Ya same ni a waje, takardata a hannunsa, ya rage murya ya ce na san zai iya kai ni kotu.

Na ce, “Kai ni, Kawu. Wata bakwai Baba yana roƙon a kai shi bai samu ba. Ni ina so in ga cikinta.”

Bai kai ni ba. Na jira sammacin shekara guda, na ajiye kabon ɗina a gwangwani don in nuna wa alƙali. Har yau yana nan, kuma har yau ban yafe ba.