Roko Mudronja da Shafi na Arba'in da Ɗaya

Haihuwa da Karatu

An haifi Roko Mudronja a shekarar 1931 a tsibirin Murter. Mahaifinsa Jere masunci ne, mahaifiyarsa Luce kuwa zaitun take nomawa. Yana aji huɗu yaƙin duniya na biyu ya watsa makaranta, ilminsa ya koma cikin kwale-kwalen mahaifinsa, inda ya koyi auna ruwa da igiya mai darma. Akan shafa wa gindin darmar kitse a jefa, abin da ya manne shi ke bayyana ƙasan teku: laka tana riƙe anga, wato ƙarfen da ake jefawa don tsayar da jirgi, ciyawa kuwa santsi gare ta. Ƙa'idar tsofaffi ita ce jifa uku a kowane wuri.

Aure da Aiki

A 1956 ya auri Tonka, Allah ya ba su 'ya'ya huɗu. Daga 1958 zuwa 1974 ya zagaye tsibiran Kornati lungu-lungu yana rubuta inda ƙaramin jirgi zai iya fakewa, kuma a 1975 aka buga bayanan nasa littafi guda, kwafi dubu biyu. A shafi na arba'in da ɗaya ya rubuta cewa ƙasan teku a lungun Gluha laka ne zalla. Gaskiyar magana, sau ɗaya tak ya jefa darma a can, a gurguje, domin ruwan sama ya dame shi.

Musiba

A watan Satumba na 1983 iskar arewa ta rutsa da babban ɗansa Kreso cikin jirginsa da rana tsaka, ya fake a Gluha bisa amanar littafin ubansa. Anga ta zame, jirgin ya daki duwatsu, sai bayan kwana tara aka tsinci gawar. Roko ya koma ya jefa darma sau uku, duka ukun ciyawa ta fito. Tonka ta ce masa, "Ba teku ce ta ci shi ba, Roko, alƙalaminka ne." Ba ta ƙara tayar da maganar ba har ta rasu a 1990.

Ƙarshen Rayuwa

Da yake maɗaba'ar da ta buga littafin ta riga ta rufe, babu damar sake buga shi da gyara, sai ya shafe shekara ashirin yana bin jiragen masu yawo a mafakarsu, yana ɗaga murya: "Kai mai jirgi, kana da littafin Mudronja? Miƙo shi nan, jaki ne ya rubuta shi!" Wasu su miƙa ya soke layin da hannunsa, wasu su ce, "Tsoho, rana ce ta buge ka?" Abin tausayi, wallahi, ga mutumin da a da ake cire masa hula.

Rasuwa

Ya rasu a gidansa ranar 9 ga Nuwamba, 2004, sakamakon ciwon huhu, aka binne shi a maƙabartar Murter kusa da Kreso. Ya bar 'ya'ya uku: Nevenka, Marica da Josip. Kwafi ɗari shida da goma sha biyu ya samu ya gyara. Sauran suna nan cikin jiragen mutane, har yau suna cewa Gluha laka ne.