Kawu Ya Zo Suna, Aka Rufe Iyaka

Kwana goma Kawu ya ce zai yi. Yayan mahaifiyata ne, daga Maraɗi ya taso don sunan 'yata ta fari. Ko naman suna ba mu gama ci ba aka rufe iyaka saboda korona, sannan aka hana fita a Akra.

Ɗaki da ɗan falo muke haya a unguwar Maamobi, a gida mai cike da mutane, famfo ɗaya, shi ma sai ya ga dama yake kawo ruwa. Shagon ɗinkina na unguwar Tudu a kulle. Rediyo kuma ta dame mu, wai a wanke hannu a kai a kai, a ba da tazara. Wace tazara? In na miƙe ƙafa a falo sai ta taɓa tabarmar Kawu.

Shi kuwa ko a jikinsa. "Ciwon masu hawa jirgi ne," in ji shi. Kullum da safe sai ya bi ƙofa-ƙofa yana miƙa wa maza hannu. Na ɗinka masa takunkumi, ya mai da shi ma'ajin goro. Da zaman ya ishe shi, sai ya koma gyara mana Hausa. Matata haifaffiyar unguwar Nima ce a nan Akra, in ta ce, "Yarinya ya yi barci," sai ya ɗaga yatsa: "Ta yi barci, 'yata. Mace ce." Mai jego, ga rashin barci, ga abinci ya ja baya, amma a zauna ana koya mata magana!

Bayan an sassauta dokar, matata ta koma sayar da koko da ƙosai a ƙofar gida, muka ɗan numfasa. Sai zazzaɓi ya kwantar da Kawu, da tari. Kafin azahar maƙwabciyarmu ta kai labarin har bakin titi, wai korona ce. In na je famfo, mata su janye bokitansu. Na rasa mai kama min shi mu hau mota, ni kaɗai na tallabe shi zuwa asibiti, yana faɗa min a hanya cewa jiƙon darbejiya ya ishe shi.

Aka gwada, cizon sauro ne. Na dawo da takarda ina nuna wa kowa, ba wanda ya yarda ya taɓa ta. Na tsaya gaban maƙwabciyar na ce, "Hajiya, ga sakamako, ba korona ba ce."

Ta ja mayafi ta rufe hanci. "Ni me na ce? Tari kawai na ce na ji."

Kawu ya warke cikin mako guda, amma kokon matata ya zama kokon gidan korona. Ta dama, ya huce a tukunya, mu sha da rana, mu sha da yamma. Dole ta riƙa ɗaukar tukunyar a ka, da goyo a baya, zuwa can cikin Nima kusa da gidan iyayenta, inda labarin bai kai ba.

Wata bakwai Kawu ya yi. A ƙarshe wani direban motar kaya ɗan garinsu ya yarda ya tafi da shi a matsayin yaron mota, tsoho mai furfura, tunda motocin kaya kaɗai ake bari su tsallake iyaka. Na raka shi tasha, ya riƙe hannuna ya daɗe yana sa mana albarka har idona ya ciko. Da motar ta tashi ya leƙo ta taga ya ce kada mu yi kewa, da iyaka ta buɗe zai turo mana ƙaninsa ya ga jaririya.