Tsatsar Gefen Hajiya

Kun san ni da tsayawa kallo. Yau a unguwar Matar Ƙadim, wato Tsohon Filin Jirgi, a nan ƙasar Larabawa, ga wata dattijuwa siririya cikin farin hijabi, tsaye gefen tsohuwar Marsandi, ta damƙe makulli kamar za a ƙwace. Akwatuna ɗaure a bakin ƙofa. Da alama maigidan ya rasu, gida za ta koma, dole a rabu da motar.

Wani mai saye yana bin jikin motar da maganaɗisu, yana neman inda aka rufe tsatsa da fenti. Ko'ina lafiya. Sai ya ɗaga kafet ɗin gefen mai zaman banza, ya danna, yatsansa ya burma.

"Hajiya, nan kam ya ruɓe. Ruwan gishiri ne."

"Ƙafafuna ne, ɗana. Duk Juma'a Malam yakan kai ni bakin teku. Shekara ashirin yana cewa in goge ƙafa kafin in shiga, ban taɓa ji ba."

Mutumin ya ce ta yi haƙuri, ya tafi. Ita ko ta sunkuya, ta mayar da kafet ɗin, tana shafa shi a hankali kamar mai lulluɓe mai barci.