Baba Saidu da Jajayen 'Yan Tsaki

Duk wanda ya san Baba Saidu a Zangon Kumasi, haɓarsa ya fara sani kafin fuskarsa, domin kullum kansa a sama yake. Ba addu'a yake yi ba, shirwa yake nema. Ƙanen mahaifina ne, shi ya riƙe ni, kuma babu wanda ya kai shi ba ni kunya a duniya.

Ba ya kulle kajinsa. Ya ce kaza ba ta yi sata ba balle a ɗaure ta. Sai su bazu cikin unguwa suna tono, shi yana biye yana gadin sama. Ran nan a gaban masu ɗaurin goro ya zurma kwata har gwiwa. Na kama hannunsa na ce, "Sannu Baba, ka ji ciwo?" Ko kallona bai yi ba. "Sake ni, Yakubu! Ta wuce ko tana nan?"

Lema guda gare shi, ruwan Kumasi kuwa kun san shi. Wata Juma'a hadari ya haɗo, ya kafa lemar a kan wata kaza mai 'ya'ya, ya tafi masallaci haka nan. Ya shigo sahu yana ɗiga, mutane suna matsawa. Na ce a hankali, "Baba, ina lemarka?" Ya amsa har liman ya ji: "Tana wurin mai jego!" Wallahi ban ɗago kai ba har aka watse.

Ga kuma galura. Da an ƙyanƙyashe sai ya shafe 'yan tsakin da ja, wai shirwa ba ta gane jan abu nama ne. Matan Tonawa, 'yan asalin garin, masu sayar da ayaba suna kiransa Akoko Kramo, wato malamin kaji, shi kuwa har ɗaga musu hannu yake yi.

To, bayan rasuwar matata na daɗe ni kaɗai da yara, har na samu Adiza, bazawara, 'yar Alhaji Mumuni dillalin shanu a Krofrom. Alhaji ba ya dariya, kuma ya sha korar masu nema. Dole Baba ne zai nema mini. Na roƙe shi kamar in yi kuka: "Don Allah yau ɗaya, ka dubi mutane, kada ka dubi sama."

"Ni yaro ne?" in ji shi.

Aka zauna a gindin mangwaro, ni ina can baya cikin farar riga. Baba ya fara da kyau: "Alhaji, alheri ne ya kawo mu..." Sai wata inuwa ta gilma a kan tabarma.

"Shirwa!"

Ya zabura, ya yi ƙwallo da ƙwaryar goro, ya suri takalmin Alhaji ya wurga sama. Shirwa ta kauce, takalmi ya sauka a kan kwanon gida, kwaram! Baba ya juyo yana haki. "Naka ne 'yan tsakin nan? Farare fat a fili, ba galura, ba wurin ɓuya? Haba Alhaji, da girmanka!"

Na so ƙasa ta tsage in shige. Na ce a raina shi ke nan, Adiza ta tafi.

Alhaji ya daɗe yana kallon rufin gidansa. Can ya ce, "Shirwar nan ta ƙarar mini da kaji. Ina ake samun galurar?"

Jama'a, ashe a aljihu Baba ya zo da ita! Wurin neman aure! Ya zaro ta ya ce, "Yakubu, naɗe hannun riga."

Haka na durƙusa gaban surukai ina bin 'yan tsaki ina shafa musu galura, farar rigata ta koma ta mahauci, ina jin dariyar Adiza ta taga. Da na gama, Alhaji ya dube ni ya ce, "Wanda aka yi wa wannan bai yi fushi ba, zai iya zama da Adiza. Na ba shi." Har yau in ta so tsokana, Jan Hannu take kirana.

Bara muka kai Baba makwancinsa. Ana cikin rufe ƙasa shirwa ta yi kuka, sai ga mu duka mun ɗaga kai sama, ni ne na farko.

Lemar tana nan, tana wurin wata mai jegon. Ya Allah, bawanka ya sha ruwa da rana don ya yi wa raunana inuwa. Ka yi masa inuwa da rahamarka, ka sanyaya masa kabari. Amin.