Darasin Kashin Kaji

Na haura shekara ashirin ina koyar da aikin gona a Gwaram lokacin da wani malami daga Birnin Kudu ya buɗe mana shafi guda a intanet, inda kowane malamin noma zai shiga ta waya ya rubuta darasi, ya ƙara, ya goge. Da farko na ce shiriritar yaran zamani ce. Amma kafin wata biyu shafin ya fi tsohon littafina ƙiba. Malamin Kiyako ya sa yadda suke adana wake da toka, na Maruta ya ɗora hoton wata tsutsa da ke cin masara, wani ya rubuta maganinta a ƙasa. Abin ya burge ni, har na daina gunaguni.

Darasin taki ni aka bar wa, don ni ne babba, kuma rabinsu ɗalibaina ne a da. Na zauna ina dannawa da yatsa ɗaya, na rubuta a zuba kashin kaji a gindin dashen tumatir, na tsallake batun a bari ya ruɓe tukuna. Duk wanda ya taɓa riƙe fartanya ya san ɗanyensa ƙone shuka yake yi. Ga shi ranar Laraba za a buga darussan a takarda a raba wa ɗalibai su kai gida, gidajen manoma, da sunana ɓaro-ɓaro a sama.

Kowa ya gani, ba wanda ya taɓa. Daga baya na ji sun yi ta kiran juna, kowa na cewa ba dai shi zai goge rubutun Malam ba. A ƙarƙashin darasin kuwa addu'ar ƙarin basira kawai ake jera mini, ni kuma ina ta kumbura.

Ranar Talata da hantsi wata malama daga Fagam, wadda lokacin da take ajina da ƙyar ake jin muryarta, ta rubuta: "Malam, na tuna kana ce mana kashin kaji sai ya ruɓe ya huce kafin ya kusanci shuka. Na mayar da shi yadda ka koya mana, wataƙila waya ce ta cinye."

Kunya ta rufe ni a ofishin malamai. Kafin azahar sauran sun samu ƙofa: wani ya ƙara yadda ake juya tarin, wani yadda ake cusa hannu a ji ko ya huce, kowa na cewa daga bakina ya ji. Na amsa musu: "Waya ba ta ci komai ba, ni na manta. Daga yau duk wanda ya ga kuskurena ya goge shi."

Har yau ba wanda ya goge mini ko harafi ɗaya. Sai dai su tuna mini abin da na koya musu, har da wanda ban taɓa sani ba.