Randa Tana Inda Ka Barta

Ƙanena, autanmu, malamin jami'a ne. Abin da yake karantarwa shi ne yawon buɗe ido da sha'anin otel, wato yadda ake tarbon baƙo, a ciyar da shi, a ba shi makwanci. Ni kuwa aji shida na tsaya a lokol, firamaren Garhanga. Shekarar da tsohonmu ya kwanta ciwo anka ce ɗaya ya zauna gona, ni ne babba, ni na zauna. Ban ce kaina ya fi nashi ba. Ba a dai gwada ba.

Tun rasuwar innarmu bai kwana gida ba. In ya zo suna ko gaisuwar mutuwa, direba ko kashe mota ba ya yi. Shi ya sa da ya kira ni bayan kaka ya ce yana tafe da ɗalibanshi, za su kwana biyu suna bincike kan yadda mutanen Adar ke tarbon baƙi, ni ban ji zancen bincike ba. Kwanan kawai na ji.

Ɗakin tsohonmu damina ta cinye mishi kusurwa. Na kwaɓa laka na yi yaɓe, na sake azara, na sayo tabarma da sangen sauro a kasuwar Keita. Matata ta ce, "Malam, perefe ne zai sauka, ko wani babba na gwamnati?" Na ce auta ne. So nake ya kwana inda ubanshi ya kwana, ko ya tuna nan ma nashi ne.

Da hantsi sunka iso, samari da ƴan mata, kowa da kayen rubutu da waya a hannu. Auta ya yi sallama a ƙofar gida, ya tsaya. A wurinmu ɗan gida ba ya tsayawa. Yana sallama yana tafiya, ya wuce randa ya ɗauki moɗa ya sha da kanshi. Baƙo ake kawo wa ruwa.

Matata abokiyar wasanshi ce, ta leƙo ta kira shi yadda ake kiran malaman boko, ta ce, "Kai Mushe, ƙafa ta sage ne? Randa tana inda ka barta."

Ya yi dariya. "Matar yaya, yau dai kawo mani a ƙwarya, yadda kuke ma baƙo. So nike yaran ga su gani."

Ta dube ni. Na ce, "Kai mishi."

Ta kawo, ta durƙusa, ta miƙa da hannu biyu. Ya ce ta sake, wata ɗaliba ba ta samu hoto ba. Ta sake. Ya kai ƙwaryar baki, ya juya yana yi musu bayani da Faransanci. Faransancina guntu ne, amma kalmar baƙo na sani, kuma na ji ta fiye da yadda nake so.

Ban ce don wulaƙanci ya yi ba. Aikinshi ne, kuma an ce ya iya. Yaran ma masu ladabi ne. Sun zauna ƙarƙashin iccen bedi suna tambayata wa ke yanka wa baƙo kaza, ina yake kwana, yaushe ake tambayar abin da ya kawo shi. Wata yarinya ta ce, "Baba, mi ya raba baƙo da ɗan gida?"

Na ce, "Baƙo ana raka shi. Ɗan gida fita yake, don an san zai komo."

Ta rubuta. Shi yana can yana amsa waya.

Da la'asar na ja shi na nuna mishi ɗakin. Ya shafa yaɓen ya ce, "Yaya, ka yi aiki! Wanga in an sa fanka da makewayi, Turawa biya za su yi su kwana."

Turawan da sunka daina zuwa tun da hanya ta lalace. Na ce, "Kai fa?"

"Ai mun kama masauki a Keita. Ba a barin ɗalibai su kaɗai, dokar makaranta ce."

Ashe kwana biyun da ya faɗa can ne.

Da sunka tashi tafiya ina zaune kan tabarma. Na ce a raina ba zan tashi ba, ya fita kamar yadda yake fita yana yaro. Amma ya tsaya a ƙofa yana jira, kamar yadda ya jira da safe, yaran suna kallo. Na tashi. Na raka shi har bakin mota, na faɗa mishi abin da ake faɗa wa baƙo.

"Mun gode da ziyara. A gaida mutanen gida."

Ya ce, "Za su ji, Yaya." Ya rufe ƙofa. Bai ji komai cikin maganar ba.

Sangen na ba ɗiyata da ta haihu. Ɗakin harawa nake zubawa ciki yanzu, tun da yaɓen ya yi kyau, ruwa ba ya shiga.